Miyar Kifin Ragnhild

Torunn tana jiran layin kwamfuta a laburaren garin Tromsø, amma tsohon da ke gabanta ya mantar da ita abin da ya kawo ta. Kafaɗunsa sun cika kujera, tafukansa duk kantar igiyar jirgin ruwa, ga shi yana lallaɓa madannai da yatsa ɗaya kamar mai taɓa ƙwai. Zoben aure biyu ne a hannunsa. Torunn ta san ma'anar haka: matarsa, mai ƙaramin zoben, ta riga shi gidan gaskiya.

Shafinsa na intanet cike yake da labaran guguwa da kamun kifi. Yanzun nan ya ɗora masa wata 'yar manhaja mai jera rubuce-rubucen da aka fi karantawa. Jerin ya fito. Ba guguwa ce a sama ba, miyar kifi ce, da sunan wata Ragnhild.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai yana murmushi.

"Ke dai, Ragnhild matata! Rubutu ɗaya tak kika yi, kin kayar da ni."

"Ana iya ɓoye shi, Baba," in ji Torunn a hankali.

Ya juyo, idonsa jajir.

"Ɓoyewa kuma? 'Yar nan, zo ki nuna min yadda ake ƙara masa girma."