Maimunatu Mai Gyaɗar Kwalba

Daga Tibiri har Ɗan Kassari ana faɗin wai Maimunatu da wuski take karya kumallo, kwalba guda kullum, wai shi ya sa ranar da ta bugu ta kashe samari bakwai a tasha, ta cinye kunnen na takwas. Biyu daga cikin gawawwakin ni na ƙara su, don taubashiyata ce, ɗiyar gwaggona, kuma baiwa ba ta hana ubangijinta magana. Gaskiyar ita ce ko lemun kwalba sa ta amai yake. Samarin uku ne, duk suna nan da ransu, kunnen kuma an ɗinke shi.

Gyaɗa take soyawa. Tun da mijinta ya tafi Libiya, yau shekara tara, bai waiwayo ba, da ita take ciyar da 'ya'ya huɗu. Gyaɗarta ta fi ta kowa saboda mazubi: kwalbar wuski, mai kauri, mai murfin murzawa, wadda iska ba ta shiga. Ka saya da bazara, ka buɗe tsakiyar damina, tana nan ƙaras-ƙaras. Rabo direba ke tsinto mata kwalaben a bayan otel-otel na Yamai. Ta wanke da toka da yashi da ruwan zafi, ta kife su kwana uku a rana. Sannu a hankali ta tara sittin da ɗaya, kuma duk wanda ya saya sai ya maido kwalba ko ya daina bin hanyar tasha.

Aibinta ɗaya, hanci. Ba ta karɓar kwalba sai ta shinshina, don ta san irin wankin da za ta yi mata. Har ta zama malama. Wannan ta ƙasar sanyi ce, in ji ta, warin hayaƙi gare ta, sai wanki uku. Waccan jabu ce, a Kwatano aka ɗura ta, ko jaki ba ya sha. Matar da ba ta taɓa wuce Dosso ba.

Ranar kasuwa da hantsi Rabo ya sauke mata buhun kwalabe. Tana tsaye bakin tebur, ta kafa hanci a bakin kwalba, ido a lumshe, sai ga Musbahu mai shagon wayoyi da abokansa biyu. Saurayi ne mai son addini, ya daɗe yana cewa kwalbar giya ba ta zama ƙofar masallacin tasha.

"Inna, yau kam mun gani da idonmu," in ji shi.

"Mi ka gani, ɗan nan?"

"Kina shaƙar haram gaban jama'a. Ki kwashe su yanzu, ko mu kwashe miki."

"Haram ɗin masu kuɗin Yamai sun shanye shi. Ni gilashi suka bar ma. Matsa ka tare mini masu saye."

Bai matsa ba. Ya sa ƙafa ya ture teburin. An ce har Dogon Kiriya an ji ƙarar. Ni dai na san awakin tasha sun tsinke igiya. Gyaɗa ta watse, gilashi ya cika ƙasa. Ɗaya ya riƙe ta ta baya, ɗayan ya ɗaga buhun Rabo ya maka da bango. Ta cije hannun mai riƙon har haƙori ya gamu da haƙori, ta kuɓuce, ta faɗa kan 'yan kwalaben da suka rage ta rufe su da jikinta. Musbahu ya ja ta da ƙafa a kan fasassun, tafin hannunta na dama ya tsage har wuyan hannu.

Da hagu ta tashi, riƙe da wata kwalba mai kusurwa huɗu, wadda ta fi kowace nauyi. Ta sauke masa a gefen kai. Kwalbar ba ta fashe ba, kunnen ne ya rabe. Ya durƙusa, jini na bin farar rigarsa, yana kiran uwarsa. Na biyun ya zo da benci, ta ba shi a gwiwa, ya zauna ba shiri. Na ukun ya tuna bai rufe shago ba.

Jandarma suka kwashe su mota ɗaya zuwa likita, ita da Musbahu suna zubar da jini a kan tabarma guda. Da aka zauna gaban sarkin tasha, wasu suka ce a kore ta. Limamin tasha, tsoho ne da haƙoransa suka ƙare a kan gyaɗarta, ya ce abin da aka wanke ya tsarkaka, amma ta riƙa kankare takardar jikin kwalba, ta kuma yi shinshinarta a gida. Musbahu ya saya mata sabon tebur. Yatsunta biyu dai ba su sake lanƙwasuwa ba, kwalba kuma tara ta tsira da su.

Makon jiya na same ta tana jera taran nan da hannun hagu. Na ce, "Ke baiwata, ki koma gorar roba mana kamar sauran mata, kafin ki ƙarar da kunnuwan Arewa."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ran da ƙarti uku suka taru kaina, kwalba ta tsaya mini. Kai kana ƙarƙashin wani amalanke kana tsintar gyaɗata kana ci. In akwai abin da zan canza a gidanmu, ba kwalba ba ce."