Bidiyon Da Na Ɗora Ya Raba Mijina Da Na Hagunsa

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da biyu, da goyon 'yata ta fari, shekarata biyu da zuwa Riyad wajen maigidana. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Ni mace ce mai yawan fargaba tun ina gida. Yarinya ta yi tari sau biyu na fara tunanin asibiti, maigida ya wuce lokacin dawowa da minti goma na riga na hango shi a ƙarƙashin tirela. Muna zaune a ɗaki biyu a unguwar Shifa. Shi direban wani kamfanin kayan gini ne, ya fita da asuba sai magariba. Ni kuwa daga bango huɗu sai yarinya sai wayar da ya saya mini. Wata maƙwabciyarmu ce ta buɗe mini Fesbuk, ta nuna mini inda ake dannawa a ɗora hoto. Iyakar abin da ta koya mini ke nan, ni ma ban tambayi ƙari ba.

Maigidana abu ɗaya ne ke sa shi dariya har a ga haƙoransa na ciki, wasan hoki. Ga wanda bai sani ba, wasa ne da ake yi da sanda mai lanƙwasa a baki, ana kora 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse zuwa raga. Tun yana makarantar kwana a gida ya koya, da ya zo nan kuma ya samu wasu 'yan Pakistan da 'yan Sudan da namu kaɗan suna yi duk Juma'a bayan la'asar, a wata istiraha da ke can ƙarshen unguwarmu, irin gidajen hutun nan masu katanga da fili a ciki. Su uku ne a layin gaba. Shi a tsakiya, a damansa wani dattijon tela ɗan Pakistan mai shago a unguwar Dira, a hagunsa kuma wani ɗan ƙasarmu da ya girme shi da 'yan shekaru, mai gyaran famfo. Ba zan kama suna ba, zan ce masa Na Hagu kamar yadda suke kiransa.

Su ukun nan sun shaƙu fiye da yadda zan iya faɗa. Suna da guruf a Wasaf, kullum waya na ƙara, kullum tsiya suke yi wa juna da muryar da suke turawa. Na Hagu yakan ce maigidana direba ne amma a fili ba ya ba da sigina, sai dai mutum ya tsinci ƙwallo a ƙafarsa kamar an jefo ta daga sama. Maigidana ya rama, ya ce mai gyaran famfo ne amma ƙwallo na yoyo a sandarsa. Telan kuma da guntun Larabcinsa yakan ce duk su biyun ya auna su, babu wanda ya cika kamu ɗaya. Ina kicin ina jin su ina dariya ni kaɗai. Maigidana ya taɓa gaya mini sirrinsu: idan Na Hagu ya samu sarari ba ya kira, sai ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu, shi kuma ko bai waiwaya ba sai ya tura ƙwallo hagu, ya san tana da mai karɓa.

Ni Yaya nake ce wa Na Hagu, shi kuma ya ce mini matar ƙanina. Ranar da naƙuda ta kama ni maigidana yana hanyar garin Kasim da kaya, sai ya kira Na Hagu a waya. Mutumin nan ya ajiye aikinsa, ya samo mota, ya ɗauko maƙwabciyata, ya kai mu har bakin asibiti. Amma bai shiga ba. Maƙwabciyata ta ce mini tsallaken titi ya koma ya tsaya a rana tun azahar, har maigidana ya iso. Na ɗauka kunya ce irin ta manya.

Ni ina da lura, wannan kowa ya shaida mini. Na lura ba ya zama gaban mota. Na lura idan zai zo gidanmu ta lungun baya yake biyowa, ba ta babban titi ba. Na lura yana yawan sauya lamba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa hotunan da suke ɗauka bayan wasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a wayar maigidana, babu ko ɗaya da yake ciki, kullum shi ne mai ɗauka. Na tambayi maigidana, ya ce Na Hagu ba ya son hoto, in bar maganar. Yadda ya gajarta amsar sai ya sa na saƙa wani abu daban. Na ga takalmin Na Hagu ɗinki a kan ɗinki, na ga rigarsa ta koɗe, sai zuciyata ta ce mini raina shi suke yi don ya fi su talauci, shi ya ci musu ƙwallo su kuma su miƙa masa waya ya ɗauke su. Duk alamun na gan su da idona, na haɗa su na fitar da amsar da ba ita ba.

Da ƙaramar Sallah ta zo sai suka shirya a je da iyali. Mu mata aka ba mu ɗakin sama, akwai taga mai labule tana kallon fili. Ran nan na fara ganin wasan da idona. Yarinya na barci a cinyar maƙwabciyata, na ɗaga labule kaɗan na saita waya. Ina ɗauka sai na ji ƙwas ƙwas, sanda ta bugi ƙasa sau biyu. Maigidana bai ko juya kai ba ya tura ƙwallo hagu, Na Hagu ya tare ta yana gudu ya lafta ta a raga. Ya juyo wajen tagarmu yana dariya, hannu a sama, fuskarsa tar a wayata, maigidana ya zo ya rungume shi ta baya. Na ce a raina yau dai Yaya ya shiga hoto, ko sun so ko sun ƙi.

Washegari da hantsi na ɗora bidiyon a Fesbuk. Na zauna na haɗa baƙaƙe da ƙyar, na rubuta cikakken sunansa da sunan garinsu, na ce ga gwarzon 'yan hokin Shifa, duk Juma'a bayan la'asar haka yake yi. Ban san akwai wajen da ake zaɓar wanda zai gani ba, ashe a buɗe yake ga duniya. Ban gaya wa maigidana ba, shi ba ya Fesbuk, na so sai yabo ya taru in nuna masa. Yabo kuwa ya taru. Har matar Na Hagu daga gida ta nemo ni, ta turo murya tana sa mini albarka, ta ce yara sun kalla har cajin waya ya ƙare, ƙaramin da bai san ubansa ba yana ta nuna shi da yatsa. Ban taɓa jin na yi abin kirki irin na ran nan ba. Bayan kwana uku wani da ban sani ba ya yi rubutu a ƙasa da Hausa mai kyau, ya ce shi ma ɗan hoki ne, sabon zuwa, wace istiraha ce. Na kwatanta masa tsaf: bayan gidan mai, layi na biyu, baƙin ƙyaure mai tambarin dabino, kusa da inda ake tara tayoyi. Ya yi godiya.

Juma'a ta biyu bayan Sallah maigidana ya dawo tun rana ba ta faɗi ba, riƙe da sanda biyu. Ya jingina su bayan ƙofa ya zauna a ƙasa ko takalmi bai cire ba. Na kawo ruwa bai sha ba. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce an tafi da Na Hagu. A nan na fara jin abin da kowa a filin ya sani ban da ni. Shekara huɗu da suka wuce Na Hagu ya bar wajen kafilinsa, wato mutumin da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, saboda sun samu saɓani. Kafilin ya kai rahoto cewa ya gudu, tun daga nan iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta mutu, duk inda aka tare shi sai gida. Shi ya sa 'yan wasan suka yi wa juna alkawari ba za a taɓa sa shi a hoto ba, kuma ba za a kai maganar gida wajen mata ba. Maigidana ya ce suna cikin wasa aka buga ƙyaure, jami'ai suka shigo tare da wani mutumin kafilin, yana riƙe da waya yana nuna musu wani bidiyo. Na Hagu bai gudu ba. Ya miƙa wa maigidana sandarsa ya bi su.

Nan take na gane bidiyona ne. Na shiga banɗaki na goge abin daga Fesbuk, na goge daga wayata, kamar gogewa za ta dawo da Na Hagu. Na ɓoye wa maigidana. Kwana biyar ina dafa abinci ina zubawa, ina jin guruf ɗinsu ya koma wajen zargi. Muryoyin da ke sa ni dariya suka koma tambayar wane munafuki ne ya fitar da bidiyo. Zargi ya faɗa kan telan, don shi ne mai yawan wasa da waya a fili. Ran Laraba maigidana ya dawo ya ce ya je har shagonsa a Dira ya gaya masa maganar da bai taɓa gaya wa babba ba, dattijon ya rantse yana hawaye a gaban masu sayayya. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Na durƙusa a gabansa da yarinya a baya na faɗa masa komai, har da kwatancen ƙyaure.

Na so ya dake ni, ko ya yi faɗa maƙwabta su ji. Bai yi ba. Ya kalli sandunan nan ya ce laifinsa ne da ya ce mini ba ya son hoto ya tsaya a nan. Ya tambaye ni dalili, na ce na ga kamar ana raina shi ne. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Washegari ya koma Dira ya ba dattijon haƙuri, ya tura murya a guruf ya ce daga gidansa abin ya fito, sannan ya fita daga guruf ɗin da kansa.

Na Hagu ya yi makonni a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka ɗauki yatsunsa aka sa shi jirgi da kayan jikinsa. Akwatin kayan aikinsa da komai nasa a nan suka tsaya. Bayan wata biyu sai ga murya daga sabuwar lamba, a wayata ba a ta maigidana ba. Na yi yini guda ban buɗe ba. Da na buɗe sai na ji ya ce matar ƙanina, kada in sa abin a rai, kwanansa a Riyad ne ya ƙare. Ya yi 'yar dariya ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa cin ƙwallo mai kyau irin wannan ba, kuma bai taɓa ganin kansa yana wasa ba, wayar matarsa ta lalace, don Allah in turo masa bidiyon ya gani ko sau ɗaya. Na nema wajen duk wanda na sani, babu wanda ya ajiye. Na goge shi da hannuna don in ɓoye laifina. Har yau ban iya ba shi amsar wannan saƙon ba.

Maigidana ya koma filin sau ɗaya, telan ne ya matsa masa. Da ya dawo na tambaye shi yaya wasa, ya ce sau uku yana tura ƙwallo hagu tana fita waje, wanda aka sa a wurin bai san lokacin tahowa ba. Bai sake zuwa ba. Muna zaune lafiya, bai taɓa goranta mini ba, amma Juma'a bayan la'asar kwanciya yake yi ya juya wa ɗaki baya, ni kuma in ja yarinya mu koma kicin.

Abin da na koya shi ne lura ba sani ba ce. Na ga komai, ban fahimci komai ba, kuma na yi gaban kaina da niyyar alheri. 'Yan'uwana mata, musamman mu da ke zaune a ƙasar mutane, idan kuka ga jama'a sun haɗu a kan wata al'ada da ba ku gane ba, kada ku ɗauka zalunci ne ku ce za ku gyara, wataƙila rufin asirin wani ne. Fuskar da ba taku ba kada ku ɗora ta sai mai ita ya yarda da bakinsa, kuma wanda ba ku sani ba kada ku kwatanta masa ƙofar kowa, komai daɗin Hausarsa. Ku kuma maza, abin da zai iya cutar da wani ta hannun matanku ku faɗa musu dalilinsa, rabin magana ta fi shiru haɗari. Sandunan nan biyu suna nan bayan ƙofarmu. Duk ranar shara sai na ɗaga su in share ƙarƙashinsu in mayar, ina kula kada bakin ɗaya ya bugi ƙasa maigidana yana gida.