Sunan da ke Shafi na Talatin

Yayata Loyis ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare, ban taɓa ganin ta ji tsoron kowa ba. Da ta yi ritaya sai ta zauna a gidanta na unguwar Kabong, wai za ta rubuta littafi kan abin da ya same ta lokacin rikici. Na ce, "Yaya, ki bar maganar nan." Ina! Kunnen ƙashi gare ta.

A shafi na talatin ta kawo labarin Malam Uzairu, mai rumfa a kasuwar Katako, wanda ya ɓoye ta da 'ya'yanta bayan tulin katakai har kwana biyu, yana miƙa musu ruwa a buta. Ta sa cikakken sunansa, har da lungunsu a unguwar Gangare. Allah ya sani, godiya take nufi.

Sai da aka buga kwafi ɗari biyu muka kai masa ɗaya rumfarsa. Ya buɗe shafin ya karanta.

"Malama, kin kashe ni," in ji shi. "Ranar nan aka kashe ƙanena. Ya yi ta aikowa in zo, ban je ba, ina nan ina gadinku. 'Ya'yansa a hannuna suka girma, ce musu na yi hanya ce a rufe. In suka ga wannan fa?"

Yaya ta juya, ko sallama babu.

Muka koma gida, ta ɗauko reza ta bi littattafan ɗaya bayan ɗaya tana yanke shafin. Ɗaya ya yi ɓatan dabo. Mai buga littafin ya ce ya ajiye shi a tebur don talla, wani ya ɗauka, bai ma san ko wane ne ba.

Yanzu duk wanda ya zo neman shawarar rubutu, abu guda take faɗa masa: "Gaskiyar taka ce, amma sunan na mai shi ne. Je ka tambaye shi tukuna."

Kowace Litinin tana kiran Malam Uzairu, don kawai ta ji ya ce lafiya lau. Litinin ɗin nan sau tara ta kira, wayar na shiga, ba a ɗauka ba. Ga ta can tana neman takalminta, ni ma bari in ɗauko gyalena mu je mu duba shi.