Buhun Gero Mai Sunana

Ranar wata Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kusan rabin ƙauyenmu ya taru a gindin tsamiyar bakin gari tun bayan la'asar, ana jiran mahaifina ya shigo a kan sabon babur. Dattawa sun shimfiɗa tabarma, yara maza sun ɗare rassa suna leƙen hanyar Roni, ni kuma an zaunar da ni a kan wani tsohon turmi da aka kifar, sandata jingine a cinyata. Duk ƙarar da aka jiyo sai a miƙe tsaye, sai kuma a gane injin niƙa ne aka tayar, a koma a zauna. Sai da rana ta yi ja sannan ya bayyana, jan babur mai sheƙi, ledarsa ko yagewa ba ta yi ba. Amma wanda ke riƙe da kansa ba Baba ba ne, Kawu Idi ne, ƙanen mahaifiyata. Baba yana zaune a baya, ya tattare babbar rigarsa a cinya, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗayar kuwa babu.  Daga nan wani yaro a saman tsamiya ya fara dariya, gari ya amsa.

Saboda ni aka sayi babur ɗin, kuma kowa a wurin ya sani. Shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu tun ban iya magana ba, don haka ƙuruciyata yawancinta a zaune na yi ta. Duk aikin da ake yi a kan tabarma nawa ne: ɓarar gyaɗa, tsintar wake, tankaɗe, gyaran zoɓo, da korar kaji daga shanya da doguwar tsumagiya. 'Yan mata in suna 'yar gala-gala ni ce alƙali, in ana gaɗa ni ce mai ba da waƙa, a carafke kuwa har yau ban ga wadda ta isa ta karɓe mini duwatsu ba. Firamare tana bayan gidanmu, da sanda ma ina iya zuwa. Sakandare ce ta zama magana, domin tana Roni, kuma tsakaninmu da Roni akwai rairayin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga.

Baba ya ce ba komai, ai yana da keke. Kekensa baƙi ne, mai birkin ƙarfe dama da hagu, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a duk yankinmu ba a san wanda ya kai Malam Habu iya ratsa yashi da keke ba. Kullum da sassafe zai naɗe tsohon bargo a kariyar bayan keken, ya ɗora ni, mu kama hanya. In mun iso busasshen rafin da ke tsakiyar tafiya sai ya sauka ya tura, ni ina sama kamar kayan lefe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hajara, saboda haka bai taɓa kirana da shi ba, “Uwata” yake cewa. A hanya yake tambayata abin da aka koya mana jiya, in na faɗa ya ce ai haka ne, ko da Turancin da bai taɓa ji ba ne. Kafin zangon farko ya yi nisa gwiwarsa ta dama ta kumbura, muka riƙa isa bayan an shiga aji, shi kuma ya dawo gona rana ta riga ta take. Da aka cire gyaɗa sai ya sayar da ita, ya haɗa da bijimin da yake kiwo, ya ce Laraba zai tafi Kazaure.

Ana gobe zai tafi aka yi muhawarar, a tsakar gida, kowa da tulin gyaɗa a gabansa. Kawu Idi ɗan acaɓa ne a Roni, kuma tun da aka auri yayarsa ya ɗauki tsokanar Baba a matsayin sana'a ta biyu. Ya ce shi zai raka shi ya tuƙo masa, domin hanyar da nisa, ga gangare, ga motoci, ga sabon inji da ba a so a matsa masa.

“Yaya Habu,” in ji shi, “babur fa ba keke ba ne da ya yi ƙiba.”

Baba ya tambaye shi taya nawa ke gare shi. Kawu ya ce biyu.

“To na fi ka daɗewa a kan taya biyu. Ina kan keke aka yi maka kaciya.”

Ya ƙara da cewa a garin nan ba a taɓa yin wanda ya sayi abin hawa wani ya shigo masa da shi ba, ko jaki ne mai shi ke fara hawa ya kawo shi ƙofar gida a sa albarka. Wannan gaskiya ne, kuma ya riga ya faɗa a majalisa cewa a jira shi.

Umma ba ta ɗago kai ba. Ni ce 'yarta ta fari, ga shi kuma ina ɗauke da sunan surukarta, saboda haka kunya biyu ta hau kanta game da ni. Ba ta faɗin sunana, ba ta yabona, ba ta nuna damuwa da ni a gaban mutane. In za ta ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata ta miƙa wa “waccan”. Ranar nan ma da gyaɗar gabanta ta yi magana. Ta ce ita ba ta da abin cewa a harkar maza, amma duk wanda ya faɗi shi kaɗai, ba za a ɗora masa 'yar mutane ba. Karatu ya jira, ai ba guduwa zai yi ba. Na san Umma, ba ta maimaita magana kuma ba ta janye ta. Na ci gaba da ɓara, amma na gane cewa ajina, da bencina na kusa da taga, da littafin labarin ƙasa mai hoton teku, duk sun koma bisa abin da zai faru a hanyar Kazaure gobe.

Abin da ya faru ɗin yana da ruwaya biyu, ta Baba da ta Kawu, kuma na daɗe ina auna su kafin in fitar da abin da suka haɗu a kai. Shi kaɗai Baba ya tafi. A shagon da aka haɗa babur ɗin, yaron shago ya nuna wa Baba yadda ake tayarwa, yadda ake sa giya, da inda birki yake. Baba ya riƙa cewa to, to, irin ta mutumin da ya ga abin bai kai bayanin ba. Ya fito daga Kazaure lafiya, a hankali, masu keke suna wuce shi suna gaishe shi. Har ya fara jin daɗin iska. Sai ga gangare a wajen duwatsu, a ƙasan gangaren kuma garken tumaki na tsallaka titi. Kansa ya san birki yana ƙarƙashin ƙafar dama, amma hannunsa da ya shekara da shekaru a kan keke bai sami labari ba. Ya damƙe abin da ke hannun hagu da dukan ƙarfinsa, kamar yadda ya saba. A keke wannan birki ne. A babur kuloci ne, aikinsa ya raba inji da taya, saboda haka babur ya sami 'yancin kai ya ƙara mai da gangara. Baba ya sauke ƙafafu yana jan ƙasa, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri, ya karkatar da kan zuwa gefen titi, rairayi ya riƙe tayar gaba. Bai faɗi ba. Ko tunkiya ɗaya bai taɓa ba. A ruwayar Kawu, tumakin ne suka fi shi sanin dokar hanya.

Baba ya ce yana tsaye yana haki, sai kawai ya ji ya waiwaya ya dubi kujerar baya, ya ce, “Uwata, ba ki ji ciwo ba ko?” Sai da maganar ta fita ya tuna ba kowa a wurin. Ya ce a nan jikinsa ya mutu. Zai iya hawa ya ƙarasa, wataƙila ma ya iso lafiya a tafa masa, ba wanda ya gani sai makiyayi. Amma ya kashe injin, ya kama kan babur ya tura shi kamar yadda yake tura keke a rafi, da kumburarriyar gwiwa da ƙafa ɗaya ba takalmi, yana tsayawa a inuwa yana hutawa, har Roni. Ya sami Kawu Idi a inuwar da 'yan acaɓa ke zama, a gaban abokan sana'arsa duka, ya miƙa masa makulli ya ce ya kai shi gida.

Akwai abin da Kawu bai taɓa sa wasa a cikinsa ba in yana ba da labarin. Ya ce da suka hango tsamiya ya tsaya a bayan wata gona, ya ce wa Baba ya dawo gaba ya ƙarasa, wurin miƙaƙƙe ne, shi zai bi ta cikin karan dawa ya shiga gari ta baya. Baba ya ƙi.

“In na shiga a gaba, yayarka za ta ɗauka na iya,” in ji shi. “Gobe ta ɗora mini yarinya.”

Dariyar gari ta yi kwanaki. Aka ce Malam Habu ya sayi babur ya ɗauki direba, aka ce a tambaye shi ko takalmin ma cikin kuɗin babur aka lissafa. Shi dai murmushi yake yi. Washegarin kawo babur da asuba ya zo ya ɗaga ni cak, ya ajiye, ya shiga rumbu ya auno gero a buhu, ya ɗaga, ya rage kaɗan, ya sake ɗaga ni, har ya gamsu nauyinmu ɗaya. Ya ɗaure buhun a bayan babur da igiya sako-sako, da gangan, domin in ya yi ganganci ya faɗo. Ya fara koyon tuƙi a masussuka inda ƙasa ke da tauri, Kawu na binsa da gudu yana kiran ƙafar dama, ƙafar dama. Daga baya ya koma filin firamare, sannan hanyar rafi. Kafin ya tayar kullum sai ya waiwaya ya ce wa buhun, “Uwata, riƙe da kyau.” Yara suka ɗauka, har buhun ya zama ba shi da wani suna a gari sai Hajara. Ni kuwa a ɗan tsakanin nan Kawu ke kai ni makaranta in ya samu sarari, in bai samu ba in zauna ina kallon buhu na zuwa Roni a madadina.

Buhun ya sha faɗuwa. Duk sanda ya dawo a fashe, Umma ce ke karɓarsa, ta tsince tsakuwa daga geron da aka kwaso, ta zauna da basilla ta ɗinke. Ina lura da ita ta wutsiyar ido. Takan shafa inda ya yage, ta daɗe, sannan ta saci kallon ƙafata, ko kafaɗata, daidai wurin da zai kasance da ni ce. Ɗinkin farko-farko manya ne, daga baya suka ƙanƙance, sannan aka zo aka daina kawo mata aiki.  Ta dai ci gaba da juya buhun kowace yamma tana dubawa kamar mai sayen atamfa.

Wata safiyar Litinin Baba ya fito da babur zai ɗaura buhu, sai ya tarar babu shi. Umma ta juye geron a turmi, ta ce gida na bukatar tuwo, in yana son kaya ya nemi wani. Ta ce wa ƙanwata ta gaya wa waccan ta sa kayan makaranta. Da aka ɗora ni a baya, sai ga ta ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, riƙe da wani tsohon majanyi na saƙi da ya koɗe. Ta zagaya shi ta bayana ta ɗaure a cikin Baba, ta ja ƙullin da ƙarfi har ya ce wash. Hannunta ya tsaya a gadon bayana, bai daɗe ba. Sai daga baya ƙanwar Baba ta gaya mini da shi aka goya ni.

“Malam,” in ji Umma, tana kallon ƙasa, “wannan in ya yage ban iya ɗinke shi ba.”

Yau babur ya fi jaki yawa a ƙauyenmu, yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba ma yana tuƙawa, an kuma zuba tsakuwa a rafin da Baba ke turawa. Ni ke koyar da labarin ƙasa yanzu, a wata makaranta a Kazaure. Kwanan baya wani matashin malami ya sayi babur a Kano, ya shigo ofis yana tambaya ko ya tuƙo abinsa da kansa, tunda ya ɗan taɓa na abokinsa. Kowa ya ba shi shawara, ni na tambaye shi wa yake shirin ɗauka a baya. Ya ce matarsa da jaririnsu. Na ce to ya nemi mai kawo masa, ya kuma nemi buhu. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Baba ya rasu, babur ɗin ya tsufa a hannun jikokinsa, Umma kuwa tana nan, har yanzu in na je gida sai ta ce a kawo wa waccan ruwa. Majanyin yana cikin akwatina. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, amma na san ƙarfin ƙullinta.