Wayar Kyauta, Layuka Biyar

Jiya ƙanwata Bilkisu ta miƙo min wayarta.

Kamfanin da ya ɗauki nauyin gasar haɗa manhaja a Sabon Gari ne ya ba ta ita kyauta, bayan an karɓi lambarta ta katin ɗan ƙasa, ta dangwala yatsa.

Da ta bincika, layukan waya biyar ke kan sunanta. Ɗaya kawai ta sani.

"Yaya, idan aka nemi kuɗin fansa da ɗayansu, gidan wa za a zo?"

Na ce, "Gidanmu na Fagge."

Mun je ofishin kamfanin yau, a garƙame yake. Wanda duk ya dangwala a gasar nan, don Allah ya duba. Layi nawa kuka gani?