Rigar Kawu da Siket ɗin Sarki

Jiya a jirgin ƙasa na ga hoton Sarkin Ingila a jarida, sanye da siket mai gida-gida irin na mutanen Scotland, gwiwoyi a waje, ana yabonsa da riƙon al'ada. Sai na tuna da marigayi Kawu, raina ya ɓaci.

Kawu ba ya fita Juma'a sai da babbar rigarsa shuɗiya mai ƙamshin turaren wuta. Wata rana a unguwar Tottenham ta Landan wasu samari suka yi masa dariya, wai ya yafo zanin gado. Ya gyara rigar a kafaɗa ya ce mini, "Ƙyale su, ɗana. Sarkinsu ma zani yake ɗaurawa, kuma miƙewa suke yi idan ya shigo."

Wannan rigar ce bayan rasuwarsa na tarar ɗansa ya cusa a ledar shara, yana cewa, "Yaya, wa zai sa wannan a Landan?"

Na ƙwace ta. Da ita zan je masallaci gobe.

Allah Ya tufatar da Kawu da tufafin Aljanna, Ya shiryi wanda ya bari.