Muryar da Na Aro

Ina da in'ina tun ina ƙarami a Tajaye. Da na zo lise, wato makarantar sakandare, a Ƙonni sai na rage magana, har wasu suka ɗauka girman kai ne.

A ajin ƙarshe aka kawo wa lakwal ɗinmu tsofaffin kwamfutoci. Ɗaya tana da muryar wata Bafaranshiya mai karanta duk abin da aka rubuta mata. Malamin lissafi ya nuna mini cewa idan aka ba kowace gaɓa tsawonta da tashin sautinta, aka haɗa da fayil ɗin kiɗa, muryar za ta rera. Na roƙi a bar mini waƙar tarbar baƙi ta bikin rufe shekara. Ban taɓa faɗin jimla gaban taro ta fita lafiya ba. Ina so sau ɗaya a ji kalmomina a miƙe.

Matar ba ta jin Hausa, sai an lallaɓe ta da rubutun Faransanci: sannu ta koma sannou, zuwa ta koma zoua. Harafin ƙ ya gagare ta, baƙi takan ce baki, don haka na sa manya. Layi-layi nake bi, gaɓa da lambobinta, ina saurare ina gyarawa.

Abokin zamana a benci, ɗan wani jandarma, yakan tsaya a bayana.

"Aboki, gwada min yadda kaka yi mana."

Na gwada masa komai, har yadda ake kwafe layi.

Ranar biki iyaye suka cika fili. Baffana ya zo daga Tajaye bisa kabu-kabu, da babbar rigarsa ta Juma'a. Kiɗa ya tashi, muryar ta shigo: "Sa-sa-sannu da zuwa, ma-ma-ma-manya." Ta maƙale daidai inda nake maƙalewa, har da ɗan shirun da nake yi kafin kalma ta ɓalle. Abokin zamana ne ya shiga fayil ɗin a ɓoye ya kwafe gaɓoɓin, ya auna shirun nan da kyau. Ashe duk shekara yana saurarena.

Fili ya kece da dariya.

"Wallahi ta gado uban gidanta!"

Malamin lissafi ya kare bakinsa da takarda, kafaɗunsa na rawa. Shugaban lakwal, yana share hawaye, ya ce mai aikin ya fito ya yi wa iyaye bayani.

Na tsaya gaban makirufo.

"Ku yi kurum," in ji abokin nawa daga baya, "ga ainihin zai rera!"

Na so in ce ba haka na rubuta ba. Leɓɓana suka haɗu a kan kalmar "ba", suka ƙi rabuwa, lasifika tana kai kowane yunƙuri har bakin ƙofar lakwal. Baffana ya sunkuyar da kai yana duban takalmansa. Shugaba ya zare makirufon daga hannuna, ya kira ƴan wasan kwaikwayo.